Sanduna Sun Cika Amma Saƙo Ya Ƙi Tafiya: Yadda Ake Auna Cunkoson Rezo

Ga taƙaitaccen abin da muka tattauna a shirinmu na kimiyya da fasaha, kan tambayar da 'yan kasuwa da makiyaya suka fi aiko mana: me ya sa ranar kasuwa sandunan waya suke cike, amma tura kuɗi ko saƙon murya ya gagara?

To, sandunan nan ƙarfin siginar da ke tsakaninka da eriya kawai suke nunawa. Ba sa faɗin yawan mutanen da kuke hanya ɗaya da su. Rezo, ko sabis kamar yadda ake cewa a Najeriya, tamkar burtali ne: faɗinsa yana da iyaka. Garke ɗaya zai wuce salin-alin, amma in garke goma suka haɗu a bakinsa, dole wasu su jira.

Yaya injiniyoyi ke gane burtalin ya cika? Duk abin da ka tura, hoto ne ko murya, ana yayyanka shi ƙunshi-ƙunshi, galibi kowane bai wuce bait 1,500 ba. Sai su zaunar da kwamfuta a mashigar hanyar, da manhaja irin Wireshark, wadda Gerald Combs ya fara a 1998 da sunan Ethereal. Ita ce ke kama kowane ƙunshi, ta rubuta girmansa da lokacin da ya wuce, kamar mai ƙirga motoci a bakin iyaka.

Daga nan sai lissafi. Bait ɗaya bit 8 ne. A ce hanyar tana ɗaukar bit miliyan 10 a daƙiƙa. In a daƙiƙa ɗaya bait miliyan 1 suka wuce, ka ninka da 8, ya zama bit miliyan 8. Ke nan kashi 80 cikin 100 na hanyar ya cika.

Sai a zana shi: lokaci a kwance, nauyin kaya a tsaye. Layin yana hawa yana sauka kamar tudu da kwari. In ya hau sama ya miƙe ya ƙi saukowa, hanya ta toshe. Ƙunshin da ya rasa wuri ana zubar da shi, sai an sake turowa. Wannan ne jinkirin da kake gani.

Amma akwai tarko. In aka haɗa minti biyar aka raba daidai, zanen zai iya nuna rabin hanya ce kawai ta cika, alhali a ciki an yi daƙiƙu da ta toshe ƙam. Shi ya sa gwanaye ke duba shi daƙiƙa-daƙiƙa.

Wani ya tambaya ko masu aunawar suna jin maganarsa. Awon nan girma da lokaci yake buƙata. Saƙon WhatsApp kuwa a kulle yake tafiya tun 2016, mai ƙirga ba ya ganin cikinsa.

Shawara: mai ciniki tsakanin Illela da Birnin Ƙonni, ko Jibiya da Maraɗi, ya tura hotunan dabbobi da sassafe kafin kasuwa ta cika. In tura kuɗi ya tsaya, Alhaji, kada ka yi ta maimaitawa. Duba asusunka tukuna, kada ka biya sau biyu.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.