YADDA ZA A HAƊA FITILUN TIRELA IN BAKIN WAYA BAI DACE BA

Zuwa ga manoma da dagatai da masu unguwanni na Bomo da Samaru da kewayensu.

Tun shekarar 1922, sa'ad da aka kafa gonar gwaji a Samaru, mutanen wannan yanki su kan riga na sauran wurare ganin sabon kayan noma. Garmar shanu ta zo, keken shanu ya biyo ta, daga baya tarakta ta shigo. Yanzu in kaka ta yi, sai ka ga an ɗaura tirela a bayan tarakta ko a-kori-kura, an shaƙe ta da masara ko dawa, an hau hanyar Funtuwa da ita bayan magariba. Kayan nan su kan rufe fitilun motar da ke ja. In kuwa tirelar ba ta da nata, direban babbar mota da ke tafe a baya ba zai gan ta ba sai ya iso kanta, balle lokacin hazo. Nan a ke hasarar amfanin shekara, wani lokaci har da rai.

Sau da yawa fitilun suna nan lafiya lau, abin da ya hana su aiki shi ne fulogin tirela ya ƙi shiga soket ɗin mota. Dalili kuwa, motar daga wata ƙasa ta zo, tirelar daga wata. Maganin wannan shi za mu bayyana a takardan nan.

IRIN BAKIN WAYA

Iri uku aka fi gani. Na fari shi ne na Turai, kewayayye mai haƙora 7, shi ne a ke samu a jikin yawancin taraktoci. Ko wane haƙori da lambarsa a rubuce kusa da shi, ga yadda su ke:

1, rawaya, siginar hagu.
2, shuɗiya, fitilar hazo ta baya.
3, fara, wayar da wuta ke komawa ta cikinta.
4, koriya, siginar dama.
5, ruwan ƙasa, danjar dama.
6, ja, fitilar birki.
7, baƙa, danjar hagu.

Na biyu shi ma na Turai ne, mai haƙora 13, na motocin da ba su tsufa ba. Wannan ba shi da wuya, gama tsarinsu ɗaya ne da mai 7, kuma a kan sayar da ɗan mahaɗi wanda zai sada su ba sai an taɓa waya ba.

Na uku shi ne na Amurka, mai faɗi, mai haƙora 4. Wayoyinsa su ne fara ta komawar wuta, da ruwan ƙasa ta danja, da rawaya ta hagu, da koriya ta dama.

INDA A KE RUƊEWA

Wanda ya dubi launin wayoyin nan zai ce ai aiki ya ƙare: rawaya ga rawaya, koriya ga koriya, fara ga fara. To, kama da wane ba ta wane. A tsarin Turai birki yana da wayarsa dabam, watau jar nan, da ƙwansa dabam. A tsarin Amurka babu jar waya. Rawaya ita ke ɗauke da siginar hagu da birkin hagu gaba ɗaya, koriya kuma haka nan a dama, ƙwai ɗaya ke yin aiki biyu.

Saboda haka in ka haɗa tirelar Turai da mota mai bakin Amurka bisa launi, fitilar birkin tirela ba za ta kama ba ko kaɗan. Ka taka birki, sai siginonin nan biyu su kama tare su tsaya. In kuwa tarakta ce mai bakin Turai ke jan tirelar Amurka, jar wayar za ta rasa wurin zuwa. Waɗansu su kan murɗe ta da rawaya da koriya wuri ɗaya. Kada ka yi haka, domin ka gama hagu da dama ke nan: ka sa siginar hagu, duka ɓangarorin biyu su riƙa ƙyaftawa. Tun ran 2 ga Afrilu 1972 a ke tuƙi ta hannun dama a Nijeriya, mai juyawa hagu kuwa tilas ya ratsa hanya. Siginar da ta yi ƙarya a nan ta fi rashinta muni.

A FARA DA GWAJI

Launin waya ba shaida ba ne, musamman a tsohuwar mota wadda hannuwa da yawa suka taɓa. Nemi ƙwan fitila mai ƙarfin volt 12, ka ɗaura masa waya biyu. Ɗaya ka manna ta a ƙarfen mota inda babu fenti, ɗayar ka riƙa taɓa haƙoran soket da ita ɗai ɗai. Sa wani ya zauna ciki, ya kunna danja, sa'an nan siginar hagu, sa'an nan ta dama, sa'an nan ya taka birki. Duk haƙorin da ya kunna ƙwan, rubuta lambarsa da aikinsa a takarda. In haƙori ɗaya ya amsa wa sigina ya kuma amsa wa birki, to, ka san tsarin Amurka ne.

A kuma tabbata da ƙarfin wutar. Ƙananan motoci da yawancin taraktoci volt 12 ne, manyan motoci kuwa galibi 24. Ƙwan 12 da aka ba shi 24 nan take zai ƙone.

HANYOYIN GYARA

In tsarin ɗaya ne, baki kaɗai ya bambanta, kada a yanke fulogin ko soket ɗin. A yi mahaɗi: gajeriyar waya kamar kamu biyu, da bakin da ya dace da mota a wannan kai, da wanda ya dace da tirela a wancan. Ta haka ko wanne ya tsira da nasa bakin, gobe a iya haɗa shi da wani.

In tsarin ya bambanta, sai a sa ɗan akwatin da ke gama sigina da birki, ko mai raba su, bisa ga abin da a ke bukata. Ka gaya wa mai wayarin a Sabon Gari wace ce ke ja, wace ce a ke ja, gama akwatin ba ya aiki da baya.

In akwatin bai samu ba, ga hanya mai sauƙi. Sami katako mai tsawon faɗin tirela, a kafa masa fitilu irin tsarin motar da za ta ja, da doguwar waya da fulogin da ya dace, a ɗaure shi a bayan tirela. Katako ɗaya ya isa tirela da yawa.

Motocin zamani masu kwamfuta suna auna wutar da ko wace fitila ke ci. Kada a sari wayarsu a jona. Tasu tana bukatar akwatin da ke ɗauko wuta daga batir ta cikin fis nasa.

ABUBUWAN KIYAYEWA

Farar waya ita ce uwar aikin. Kada a dogara ga ƙugiyar da ke jan tirela ta mai da wuta, tsatsa da man giris ba za su bari ba. A kankare ƙarfe har ya yi fari, a ɗaure wayar da noti. In ka ga danja tana dushewa duk sa'ad da sigina ta ƙyafta, wannan wayar ce ta saki.

Ƙwan birki da na sigina watt 21 ne, na danja 5. Ƙarin fitilu ƙarin kaya ne a kan fis. In ya ƙone, a nemi dalili, a sa irinsa mai lamba ɗaya. Wanda ya sa zaren waya a madadin fis ya ajiye wuta a ƙarƙashin buhunansa.

A bar wa wayar sassauci yadda ba za ta tsinke a kwana ba, amma kada ta ja ƙasa. Kafin a tashi, mutum ɗaya ya tsaya a baya ya ga danja da birki da sigina duk sun amsa.

GA DAGATAI DA MASU UNGUWANNI

Tarakta ɗaya ta haya ta kan ja tirelar mutum biyar a mako. Ya kamata ƙungiyar manoman gari ta yi katakon fitilu ɗaya da mahaɗi ɗaya, a ajiye su inda kowa zai ara. A gargaɗi masu keken shanu su ma su kafa jan madubi mai mai da haske a baya. Jami'an hukumar kiyaye haɗurra, wadda aka kafa a 1988, suna da ikon tare tirelar da ba ta da fitila, amma tarar da za su ci mutum ita ce mafi ƙanƙantar hasara. A yi gyaran nan tun kafin a fara girbi, sa'ad da masu wayarin ba su cika da aiki ba. Rigakafi ya fi magani. Wanda ke son ƙarin bayani ya tambayi malamin gona na yankinsa.