Ranar da iska ta ƙi yi mini sauri a Lamu

Shekara 19 ke nan ina sayar da ganyen shayi a Injamena, kuma kusan duk shekara sai na je Mombasa ta ƙasar Kenya sari. Amma ban taɓa cin abincin mutanen can ba. Da garin tuwo da kuka da yaji nake tafiya, in ƙulle ɗaki in dafa abina. Abokin cinikina, wani dattijo Baswahile, ya sha gayyatata gidansa ina kawo uzuri. A bara ya ce mini da Larabci, "Alhaji, wanda bai ci abincina ba, yaya zan ba shi kaya bashi?" Da dariya ya faɗa, amma na gane ba wasa ba ne.

Shi ya sa bana na tafi da Hajiya, muka bi shi garinsu, tsibirin Lamu da ke arewa da Mombasa. Gari ne na Musulmi, lungunansa matsattsu kamar na cikin birnin Kano, jakuna ne ke jigilar kaya. Gidajen na dutsen teku ne, ƙofofinsu na katako masu sassaƙa. A 2001 UNESCO ta sa tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya.

Washegari dattijon ya ɗauko mana hayar jirgin katako wanda iska ke turawa, da wani babban ƙyalle mai kusurwa uku a kan sanda. Za mu tsallaka tsibirin Manda mu ga kufan Takwa. Ni da ban san ruwan da ya fi kogin Shari ba, na riƙe gefen jirgi ina ta salati. Hajiya kuwa ko a jikinta.

Mun yi nisa kaɗan sai iska ta ɗauke, ƙyallen ya saki. Na dubi agogo, na ce wa matuƙin ba shi da inji? Dattijon ya ce, "Kakanninmu wata da watanni suke jira." Ya bayyana mana cewa iskar da suke kira Kaskazi tana busowa daga arewa maso gabas wajen Disamba zuwa Maris, ita ke kawo jiragen Oman da Indiya. Kusi kuma daga kudu take tasowa, ita ke mayar da su gida. Baƙon ɗan kasuwa dole ya zauna a gidan mai masauki, ya ci abincinsa, har iska ta juya. Nan take na tuna da fatakenmu na Gwanja da masu masaukinsu a zango. Ashe tsarin ɗaya ne.

Muna jiran iska, yaron jirgi ya hura gawayi a wani ɗan murhu, ya ɗora kifin da aka kama da safe. Ya shafe shi da madarar kwakwa da tsamiya da barkono, abin da suke kira samaki wa kupaka. Ga shinkafa dafaffiya da ruwan kwakwa, ga ƙaguwa a gefe. Na tsaya ina kallon ƙaguwar. Hajiya ta matso ta ce a hankali, "Alhaji, ka sani a mazhabarmu ta Malikiyya abin teku halal ne. Kar ka ba mu kunya." Na yi bismillah na sa hannu a tire ɗaya da dattijon. Wallahi tsamin nan da maiƙon kwakwar sun zauna a kifin yadda ban zata ba. Na ƙara, na sake ƙarawa. Aka kawo gahawa mai citta a ƙananan kofuna, da halawa.

Da iska ta dawo muka shiga wata siririyar hanya tsakanin itatuwan da ke tsirowa cikin ruwan gishiri, wadda ba ta shiguwa sai teku ta cika. A Takwa muka ga bangon masallaci da gidaje. Kimanin shekara 300 ke nan da mutanen suka tashi, ana cewa rijiyoyinsu ne suka koma gishiri, suka ƙaura Shela a tsibirin Lamu.

A hanyar dawowa, ban ko tayar da maganar ba, dattijon ya ce in ɗauki kayan bana, in biya bayan na sayar.

'Yan'uwa masu fatauci, ban ce ku bar garin tuwonku a gida ba. Amma in mai masauki ya ajiye muku kwano, ku wanke hannu. Hajiya ta sayo abin kankare kwakwa a kasuwar Lamu, yanzu ran Juma'a da kifin Shari take yi mana, yara har rigima suke a kan kai.