ZANCE AMANA NE: HUKUNCIN ƊAUKAR MURYAR MUTUM A ƁOYE

A da, sai mai hali ke da rikoda, kuma ba ta ɓoyuwa. Yau kuwa, daga garejojin Kurmin Mashi har ofisoshin gwamnati na cikin Kaduna, kowa da wayarsa a aljihu. Mutum zai shiga wurin likita, ko alƙali, ko abokin ciniki, ya naɗe duk abin da aka faɗa, mai maganar bai sani ba. To, mene ne hukuncin wannan?

Allah Maɗaukakin Sarki Ya hana mu binciken asirin juna a aya ta 12 ta Suratul Hujurati. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito daga Jabir cewa idan mutum ya yi maka zance sa'an nan ya waiwaya, to zancen ya zama amana. Buhari kuma ya ruwaito daga Ibn Abbas cewa wanda ya saurari hirar mutane alhali ba su so, za a zuba masa narkakkiyar dalma a kunne ranar Ƙiyama. Ina ga wanda ya naɗe hirar, ya watsa ta duniya?

Amma kada mu ɗauka ajiye shaida laifi ne. Aya ta 282 ta Suratul Baƙara ta umurce mu da rubuta bashi da kafa shaidu, sai dai a fili, da sanin kowa. Ɗan kasuwan da ke tsoron musu, ko majinyacin da ke tsoron mance bayanin magani, sai ya ce, "Ranka ya daɗe, ka yarda in ɗauka?" In an yarda, madalla. In an ƙi, a koma ga takarda da shaidu.

Dokar ƙasa ma ba ta yi shiru ba. Sashe na 37 na tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin gida, da wasiƙa, da maganar tarho, kuma a 2023 an kafa dokar kare bayanan mutane.

Saura wanda aka zalunta. Aya ta 148 ta Suratun Nisa'i ta ba shi damar bayyana abin da aka yi masa. A 2018 wata jarida ta watsa hotunan bidiyo da ta ce an ɗauki gwamnan Kano na lokacin a ɓoye, shi kuwa ya musanta, jama'a suka rabu biyu. Shawararmu, mai irin wannan shaida ya kai ta gaban alƙali, inda za a tantance ta, kowa kuma ya kare kansa.

Allah Ya sa mu zama masu riƙon amana, amin.