Rumbuna Biyu a Cikin Jikinka

Manomin da ya girbe dawa ba ya cinye ta rana ɗaya. Wata takan shiga tukunya, wata rumbu. Haka Allah ya tsara jikin mutum.

Idan ka ci kisra ko asida, abincin yakan narke ya zama sukari, ya shiga jini. Duk sukarin da ke yawo a jinin mai lafiya kamar cikin cokalin shayi ɗaya ne. Sauran sai a ajiye shi.

A bayan tumbi akwai wata gaɓa da ake kira bankiriyas. Ita ce take fitar da sinadarai biyu masu lura da wannan ajiya.

Na farko insulin. Bayan cin abinci yakan buɗe wa sukari hanya ya shiga tsoka, ka sami ƙarfin aiki. Ragowar yakan tura ta hanta, wato ƙaramin rumbu mai ɗaukar kamar giram 100. In hanta ta cika, rarar takan zama kitse. Kitse shi ne babban rumbu.

Na biyu gulukagon. In ka daɗe ba ka ci ba, cikin dare ko lokacin azumi, insulin yakan ragu, gulukagon ya sa hanta ta saki sukari kaɗan-kaɗan. Ajiyar hanta takan ƙare cikin kamar kwana ɗaya. Tun kafin ta ƙare jiki yakan fara ƙona kitse. Shi ya sa mai lafiya yakan wuni a gonar riɗi da azumi bai faɗi ba.

Mai ciwon sukari kuwa, insulin ɗinsa ya yi kaɗan, ko jiki ya daina jin maganarsa. Ƙwaya ko allura ce take taimaka masa. Amma allurar ba ta san ko ka ci abinci ba. In aka yi ta ciki ba kome, sukari yakan faɗi ƙasa. Wasu ƙwayoyin ma haka suke yi.

Alamominsa: gumi mai sanyi, rawar jiki, jiri, ruɗewa. In awo ya nuna ƙasa da 70, ko alamun nan sun zo, a karya azumin nan take. A dama sukari cokalin shayi 3 a ruwa a sha, a bi da abinci. Wanda ya suma kada a ɗura masa kome, a kawo shi asibiti da sauri.

Ɗan'uwa, ko azumin Ramadan ne ko na kafin Ista, in kana shan maganin sukari ka zo ka ga likita tun da sauran makonni. Kada ka rage magani da kanka.