Gwajin Kabon Ba Ya Faɗin Shekarun Dutse

Sau da yawa za ka ji ana cewa masana sun auna wani dutse da gwajin kabon, sun gano ya shekara miliyan kaza. Wannan magana ba ta da tushe. Gwajin kabon aikinsa yana kan abin da ya taɓa rayuwa, kuma lissafinsa bai kai ko kusa da miliyan ba.

Ga yadda abin yake. Can sama a sararin samaniya, wasu haskoki masu ƙarfi suna dukan iskar naitirojin, su mai da kaɗan daga cikinta wani nau'in kabon da ake kira kabon-14. Tsirrai su zuƙe shi tare da iskar da suke haɗa abincinsu da ita, dabba ta ci ciyawa, mutum ya ci nama da hatsi. Muddin da rai, abin da ya lalace ana mayar da gurbinsa. Ranar da rai ya yi halinsa, shigowa ta tsaya, sai raguwa. Raguwar kuwa tana da ƙa'ida: duk shekara 5,730 rabi yake tafiya, bayan wasu 5,730 rabin ragowar ya bi. Idan aka auna abin da ya saura a ƙashi, gawayi, fata ko itace, sai a lissafo lokacin da mai shi ya mutu. Willard Libby na Jami'ar Chicago a Amurka ne ya fito da dabarar a ƙarshen shekarun 1940, ya kuma samu lambar Nobel a 1960.

Mu ma mun ci moriyarta. A 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna ta Jihar Yobe, sai ya ci karo da kwalekwale binne a ƙasa. Da aka auna itacensa, aka tarar ya kai kimanin shekara 8,000, wato yana cikin mafi daɗewa da aka taɓa samu a duniya. A lura fa, gwajin ya faɗi lokacin da itacen ya mutu ne, bai ce komai a kan ƙasar da ta rufe shi ba.

Iyakar dabarar kimanin shekara 50,000 ce. A lokacin, abin da ya rage bai kai kashi ɗaya cikin 400 na asali ba, ta yadda ɗan dattin zamani da ya shiga samfurin zai iya karkatar da sakamakon gaba ɗaya. Ko kafin a kai nan ma sai an daidaita lissafin da zobban da ke cikin kututturen tsofaffin itatuwa, domin yawan kabon-14 a iska yana hawa da sauka.

Shi kuwa dutse bai taɓa ci ba, bai taɓa numfashi ba. Hatta dutsen da ake yin siminti da shi, duk da kabon ɗin da ke jikinsa, nasa kabon-14 ɗin ya ƙare tun tuni. Haka ƙasusuwan manyan dabbobin da aka tono a Gadoufaoua cikin hamadar Nijar, waɗanda suka haura shekara miliyan 100.

Duwatsu suna da nasu ma'aunan. Akwai fotasiyam-40, wanda rabinsa ke ɗaukar shekara biliyan 1.25 kafin ya tafi, da yuraniyam-238 mai rikiɗa ya koma dalma, shi kuma kusan biliyan 4.5. Da yuraniyam aka auna ƙwayoyin zirkon na Jack Hills a Ostireliya, aka samu shekara biliyan 4.4.

Saboda haka, mai karatu, idan aka kawo maka shekarun wani abu, fara da tambayar me aka auna, kuma da wane gwaji.