Tattalin Ruwa A Gida Da Lambu Lokacin Rani

Garin Keffi ya bunƙasa ƙwarai tun bayan da gwamnatin tarayya ta koma Abuja a 1991, aka kuma ƙirƙiro Jihar Nasarawa a 1996. Jama'a sun ƙaru, buƙatar ruwa ta ƙaru, amma damina tana nan yadda take, daga Afrilu zuwa Oktoba. Ƙarƙashin ƙasar yankin dutse ne, ruwa yana taruwa ne a tsagoginsa da cikin rubabben dutsen da ke samansa. Shi ya sa rijiyoyi marasa zurfi kan ja baya a Fabrairu da Maris, Kogin Antau ya ragu. Idan kuma ruwan famfo daga madatsar Mada ya yanke, sai magidanta a Sabon Gari su koma sayen jarka wurin 'yan garuwa, lambun bayan gida ya bushe.

Tanadi tun da damina

Ruwan sama milimita 1 a kan murabba'in mita 1 lita guda ne. Saboda haka rufin kwano mai tsawon mita 10 da faɗin mita 5 zai iya tara kusan lita 1,000 a ruwa guda mai milimita 20, wato duro 5. A kafa indararo zuwa tanki. A bar ruwan farko ya wanke ƙura da kashin tsuntsaye kafin a fara tara. A rufe tankin ruf domin kada sauro ya yi ƙwai a ciki.

A cikin gida

Kada a rage ruwan sha da na wanke hannu, domin kwalara da gudawa sun fi tsadar jarka. A wajen wanki da wanka ake yin tattali. A tara ruwan alwala da na wanke shinkafa a bokiti a ba shuka. Ruwan ɗaurayar tufafi a kai shi gindin mangwaro ko gwaiba, amma kada a zuba wa latas ko kabeji da ake ci ɗanye. A gyara famfo mai ɗiga ba tare da jinkiri ba.

A lambu

A yi ban-ruwa da sassafe ko da yamma, a gindin shuka. A shimfiɗa busasshiyar ciyawa ko ƙaiƙayin shinkafa a kan fangali, ƙasa za ta daɗe da laima. A zuba takin gida, domin yana ƙara wa ƙasa riƙon ruwa. Ana kuma binne tulun ƙasa har wuya a tsakiyar tumatir ko barkono, a cika shi a rufe bakinsa. Ruwa zai riƙa tsattsafowa zuwa saiwa sannu a hankali.

Idan ruwan ya gaza duk da haka, gara manomi ya rage faɗin lambun ya shayar da rabi da kyau, da ya raba ɗan abin da ke akwai duka su yi yaushi. Don ƙarin bayani sai a tuntuɓi malamin gona mafi kusa.