Kalmomin ƙiba da rama a bakin ɗaliban kwaleji

1. Gabatarwa

A wannan ɗan nazari za mu duba yadda Hausa take siffanta jiki, da abin da hakan yake jawo wa yara masu shekara 12 zuwa 15, watau ɗaliban kwaleji, waɗanda balaga take sauya wa jiki. Ra'ayinmu shi ne, yaro yana fara ganin jikinsa ne ta kalmomin da ake kiransa da su.

2. Yabo da jaje

Idan mutum ya ƙara nauyi, sai a ce "ya yi jiki" ko "ya murmure". Idan ya ragu, sai a ce "ya rame", "ya zube", "ya lalace", "ya ƙanjame". Jeri na farko yabo ne, na biyu kuwa jaje ne. Daga aikatau "ƙanjame" ne ma aka ƙirƙiro sunan "ƙanjamau" don cutar sida. Ke nan, a wannan tsari, rama alamar ciwo ce ko talauci.

Saboda haka yarinyar da ake kira "tsinke" ko "ƙashi da rai" a filin lakwal takan nemi mafita wurin masu tallar magani. Daga cikin abin da ake sha don a yi ƙiba akwai deksametazon, wanda yake kumbura fuska, yana kuma iya jawo hawan jini da ciwon sukari.

3. Sabon ma'auni

Talabijin da wayar hannu sun shigo da wani ma'auni dabam, mai yabon siranta. Misalin tsibiran Fiji abin lura ne, domin can ma cikar jiki ake yabo a al'ada. Talabijin ta isa yankin Nadroga a 1995. Binciken Anne Becker, wanda aka buga a 2002, ya nuna cewa a 1995 babu ɗalibar da ta ce tana jawo amai don rage nauyi. A 1998 kuwa kimanin kashi 11 cikin 100 suka faɗi haka.

Ɗalibarmu tana tsakanin ma'auni biyu ke nan: a gida a ce ta rame, a waya ta ga ta yi ƙiba, a aji a kira ta "lukuta".

4. Giɓin da ke cikin kalmomi

Ciwon da Faransanci yake kira "anorexie mentale", Lasègue a Faransa da Gull a Ingila suka bayyana shi a 1873. "Boulimie" kuma Gerald Russell ya siffanta ta a 1979. Fassara na farko da "rashin cin abinci" tana ɓatar da mai sauraro, domin Bahaushe zai ɗauka abinci ne ba ya shiga, kamar ga mai zazzaɓi. Alhali mai wannan ciwo sau da yawa yana jin yunwa, tsoron ƙiba ne yake hana shi ci. Don haka muna ba da shawarar "ƙin ci don tsoron ƙiba" ga na farko, da "ci da amai" ga na biyu. Abin da ba shi da suna, da wuya uwa ta kai ƙararsa likita.

5. Kammalawa

Abu uku muke ganin sun rataya a wuyan malamai. Na farko, su daina kiran ɗalibi da siffar jikinsa, ko da wasa ne, su kuma hana irin wannan zambo a aji, ga maza da mata. Na biyu, su yabi yaro a kan aikinsa da halinsa, domin ya san darajarsa ba a ma'auni take ba. Na uku, idan sun ga ɗaliba tana ramewa da sauri, tana guje wa ci cikin mutane, ko fuskarta ta kumbura farat ɗaya, su yi mata magana a keɓe, su sanar da iyaye, a kai ta likita tun da wuri.